Hayar mota mai ɗaki zuwa Kardamili a Girka: tana da daɗin kwana, tana da wahalar juyi

Kardamili ƙauye ne a gaɓar teku a yankin Mani, kudancin Girka, kimanin kilomita 35 daga Kalamata, a gindin duwatsun Taygetos. Masu ba da hayar mota mai ɗaki (wadda ke da gado da kicin da ban ɗaki a ciki) a Athens suna tallata wannan yanki sosai, kuma suna da gaskiya wajen kyawunsa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne titin ƙauyen ba don irin wannan mota aka yi shi ba.

A fara daga zaɓen motar, don nan ake yin kuskuren da ya fi tsada. Akwai ƙarama mai tsawon mita 6, akwai babba da ta wuce mita 7, faɗinta kusan mita 2.3, tsayinta kusan mita 3. Mutum biyu ko uku su ɗauki ƙaramar. Duk wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba lasin ƙaramar mota ya ishe ta, sai dai mai lasin Najeriya ko Nijar ya haɗa da na ƙasa da ƙasa. Kafin a sa hannu a ɗauki hoton rufi da madubin gefe da kusurwar baya, a kuma tambaya ko inshorar ta shafi rufi da taya, don sau da yawa ba ta shafe su ba, kuma daga kuɗin ajiyarka za a cire.

Daga Athens zuwa Kalamata wajen kilomita 240 ne, babbar hanya mai santsi, amma a shingen biyan kuɗi tsayin mota ake dubawa: wadda ta haura mita 2.20 ta fita daga rukunin ƙananan motoci, kuɗinta ya fi ninki biyu. Daga Kalamata hanya ta tsuke, sai hawa da gangara da kwana bisa kwana, kusan awa guda. A gangara a riƙe motar da giya ta biyu ko ta uku. Wanda ya dafe birki tun daga sama zai ji ƙaurinsa kafin ya iso ƙasa, saboda nauyin ruwa da kaya yana tura ta.

Hanya ɗaya ce ta ratsa Kardamili, kujerun masu shayi da kofi a bakinta, barandar gidaje ta leƙo sama. In bas ta ɓullo daga gaba, wani ne zai yi ribas. Saboda haka a iso kafin ƙarfe 9 na safe, a ajiye motar a gefen gari wajen bakin ruwan Ritsa, a shiga da ƙafa. Mintoci kaɗan ne zuwa tsohon gari, inda hasumiyar Mourtzinos take, da cocin Agios Spyridon, ginin dutse na ƙarni na 18. Ritsa ba yashi ba ce, duwatsu ne masu sulɓi da ke zafi da rana, a zo da takalmin roba. Mai son yashi sai Stupa, kilomita 7 kudu.

Da azahar ake gane ingancin motar. Iyakwandishan ɗin gaba ba ya aiki sai inji na kunne, batirin ɗaki kuwa na fitila da famfo ne kawai. Firjin da ke aiki da gas yana son motar ta tsaya daidai. In ta karkace, ruwan da ke zagayawa a bayansa ba ya gudana, sai ka dawo ka tarar da nono ya yi tsami. A sa katakon daidaita taya, a juya gefen firjin ga inuwa. Tankin ruwa kusan lita 100 ne, wanka biyu bayan iyo da wanke-wanke sun cinye rabinsa. Tankin ban ɗaki bai kai lita 20 ba, kwana biyu zuwa uku ya cika, kuma a ramin da aka tanada a zango (filin kwanan irin waɗannan motoci) kaɗai ake zubar da shi.

Kicin ɗin shi ne babban amfaninta. Abincin da Mani ke taƙama da shi, naman siglino da tsire mai ɓawon lemu, na alade ne, don haka musulmi zai ji daɗin samun murhunsa. A sayi tumatir, zaitun na Kalamata, burodi da man zaitun da safe, kafin shaguna su rufe. Daga ƙarfe 3 zuwa 5:30 lokacin hutu ne a bazara, doka ta hana hayaniya. Kifi a gidan abinci da kilo ake sayarwa, a sa a auna a gabanka. Gasa nama da gawayi a fili kuwa kada a soma, daga Mayu zuwa Oktoba lokacin gobarar daji ne.

Kwana fa? Ajiye mota daban, kafa zango daban. Da ka baza rumfa da kujeru a bakin ruwa ka shiga laifi, tararsa Yuro 300. A wuce zango mai lasisi a Stupa, a jona wuta da filogi shuɗi, kada a kunna butar lantarki da na'urar busar gashi lokaci guda, layin ba ya ɗauka. A Yuli da Agusta a kama wuri tun da wuri.