Aikin Hannu ko Kwafar Baƙaƙe: Wanne Ya Fi Shirya Yaro ga Rubutu a Hunturu?

Malama, kin tambaya ko ya dace ki ci gaba da ba 'yan ajinki masu shekara huɗu zuwa biyar ayyukan zane da yanke-yanken takarda a wannan zango na hunturu, ko kuwa ki karkata ga kwafar baƙaƙe a littafi, tunda iyaye sun fara ƙorafin ba sa ganin rubutu.

Kwafar baƙaƙe tana da amfanin da ba za a raina ba. Ita ce ke nuna wa yaro inda harafi yake farawa da inda yake ƙarewa, tana kuma saba masa da tafiya daga hagu zuwa dama, abin da ke da muhimmanci a wurinmu, domin da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, inda rubutu ke tashi daga dama. Matsalarta ita ce tana neman abin da hannun yaro bai gama mallaka ba. Riƙe fensir da yatsu uku yakan daidaita ne tsakanin shekara huɗu zuwa shida, ga shi da safiyar hunturu yatsu sun sandare, kaushi ya tsattsaga fata. Yaro zai iya cika shafi da harafin b alhali bai san sautinsa ba, kashegari kuma ya juya shi ya zama d, wanda ba abin damuwa ba ne kafin shekara bakwai.

Aikin hannu kuwa yana gina hannun da zai yi rubutun ne. A Amurka da Ingila yara kan ninke takarda su yanka siffar dusar ƙanƙara, ko su manna auduga su yi mutum-mutuminta. Ba na ganin dalilin da zai sa mu ɗora wa yaranmu hoton abin da ba su taɓa gani ba, alhali hunturu ya zo mana da kayan aikinsa bayan girbi: karan dawa, ɓawon gyaɗa, auduga da busasshen ganye. Ki lura da yaro yayin da yake tsinkar auduga da babban yatsa da manuniya yana liƙa ta a jikin ragon da ya zana, ko yana ɓare bayan kara yana soka shi cikin totuwa don ya haɗa mota. Yatsun da ke wannan aiki su ne dai za su riƙe fensir, kuma yana yi da marmari, ba da kuka ba. Sai dai iskar hunturu tana busar da gam nan take, tana kuma fasa yumɓu, don haka a riƙa zuba kaɗan-kaɗan, a rufe sauran da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Friedrich Froebel, wanda ya kafa tsarin ajin ƙananan yara a Jamus a 1840, ya dogara da ninke takarda da saƙa da yumɓu. Maria Montessori, da ta buɗe makarantarta a birnin Rum a 1907, takan sa yara su bi siffar baƙaƙe masu kaushi da yatsa kafin su ɗauki fensir, kuma tire ɗaya na rairayi zai yi miki irin wannan aiki.

Amma aikin hannu shi kaɗai ba ya koyar da harafi, kuma yana rasa amfaninsa idan malama ce ta yanka komai, aka fito da hotuna talatin iri ɗaya. Abin da ke haɗa shi da rubutu shi ne ki tambayi yaro, "Me ka zana?", ki rubuta amsarsa a ƙasan hoton yana kallo, kina furta kowace kalma, sannan ki bar shi ya sa harafin farko na sunansa, ko da a karkace.

A ganina, ki ba aikin hannu kaso mafi girma da safe, ki ajiye kwafar baƙaƙe zuwa hantsi idan jiki ya yi ɗumi, kada ta wuce minti goma, kuma baƙaƙe biyu ko uku sun isa. Game da iyaye, ki buɗe wa kowane yaro ambulan, ki riƙa saka aikinsa da kwanan wata a jiki, domin a ƙarshen zango ki jera musu na watan Janairu kusa da na Maris su gani da idonsu.