Madubin hangen taurari da matatar OIII a sararin Legas

Madubin da nake sharhi a kansa faɗin bakinsa milimita 130 ne, kuma a wani shago a Ikeja na saye shi tare da wata ƙaramar matatar haske da ake kira OIII, wadda ake murɗawa a gindin gilashin ido. Wata da zoben duniyar Satan (Saturn) kowane madubi mai ɗan kirki yana nuna su, don haka ban auna shi da su ba. Na auna shi da wata irin nebula, wato gajimaren iskar gas da tauraro irin ranarmu yake amayarwa idan ya kusa ƙarewa.

Amfanin matatar yana da dalili. Tauraron da nauyinsa bai wuce ninki takwas na rana ba, idan makamashinsa ya ja baya sai ya kumbura ya yi ja, sannan ya zubar da ɓawonsa, ya bar ƙwaya mai tsananin zafi a tsakiya. Hasken wannan ƙwaya ne yake sa iskar oksijin da ke kewaye ta riƙa fitar da koren haske mai tsawon zango kusan nanomita 501. Matatar tana barin wannan ya wuce, tana tare yawancin hasken fitilun titi, abin da mazaunin Agege ya fi kowa buƙata. Masanin taurari William Huggins ya ga wannan koren haske a 1864, aka daɗe ana zaton sabon sinadari ne, har sai da Ira Bowen ya nuna oksijin ne a 1927.

Daga saman benenmu, nebular da ake kira M57 da ke kusa da tauraron Vega ba ta wuce ɗigo mai dishi-dishi ba, amma da na sa matatar sai sararin ya yi baƙi, ta fito kamar zoben hayaƙi mai duhu a tsakiya. Wata nebular, M27, wadda masanin taurari Charles Messier ya gano a 1764, ta fi girma, ta kuma fi amfana da matatar. Kada mai saye ya sa ran launukan da ke jikin kwalin. Toka-toka zai gani, kuma ƙwayar tsakiyar M57 ta fi ƙarfin wannan madubi. Duk da haka abin ya isa darasi, domin irin wannan gajimare shekaru dubbai goma-goma kawai yake yi ya watse, yana mayar da kabon da naitirojin cikin sarari, kuma ana ganin makomar ranarmu ke nan bayan shekaru kusan biliyan 5.

Ƙafafun madubin ne suka ba ni haushi, domin da zarar an taɓa maɓallin daidaitawa sai hoton ya yi ta rawa, sai da na rataya galan ɗin ruwa a tsakaninsu kafin ya natsu. Matatar kuma tana dusashe taurarin da ake bi a gano wuri, saboda haka a fara nemo abin kafin a saka ta. Wata matsalar ba laifin kayan ba ce: M57 da M27 da damina suke kai tsakiyar sama da farkon dare, sai dai a yi dakon tsagaitawar ruwa ta watan Agusta, a kuma tanadi murfin kwali saboda raɓa.