Saura ƙiris in rabu da laftof ɗina saboda wayar VGA

Wata uku ke nan da na sayi monita mai inci 24 na haɗa da laftof ɗina. Ni ke riƙe da lissafin wani injin casar shinkafa a nan Birnin Kebbi. Shigar shanshera, fitar buhuna, bashin dillalan Argungu da Jega, duk a Excel suke, kuma ƙaramin allo mai inci 14 ya gama gajiyar mini da ido. Laftof ɗin HP EliteBook 840 G3 ce, tokumbo. Ba ta da katin girafik na daban, Intel HD 520 da ke cikin furosesa shi ke aikin hoto.

Mai shagon ya haɗa mini da wayar VGA, mai shuɗin kan nan da ake ɗaurewa da kusoshi biyu. Da wutar gari abin da dama-dama. Ana ɗauke wuta muka tada janareto, sai rubutu ya kama rawa, wasu layuka na hawa daga ƙasa zuwa sama ba tsayawa. Sai na matso da fuska kafin in bambance 3 da 8, kuma kuɗin mutane nake lissafawa. Na koma shagon raina a ɓace. Ko duba wayar bai yi ba, ya ce: "Malam, monita lafiya lau take. Wagga kwamfuta taka ce ba ta da girafik, ba ta ɗaukar babban allo. Kawo ta mu yi musanya, ka yi ciko."

Wallahi na yarda da shi. Sati biyu ina tara cikon, har na kwashe fayilolina a filash.

Allah ya kawo ƙanina da ke karatu a Kwalejin Waziri Umaru. Ya tsaya yana kallon rawar, ya miƙa hannu ya zare cajar laftof. Nan take hoton ya tsaya cak. Ya mayar, rawa ta dawo. Ya ce: "Yaya, girafik ɗinka bai yi laifin komai ba." Ya bayyana mini cewa VGA tsohuwar hanya ce ta analog, duk hayaniyar lantarkin da ta biyo caja sai ta bayyana a hoto. Sannan ya nuna mini wata kafa a gefen laftof da na daɗe ina ɗauka HDMI ce, ashe DisplayPort ce, mai kusurwa ɗaya a yanke. Monitar ma tana da irinta a baya.

Da muka sa wayar DisplayPort, na kasa rufe baki. Rubutu tas a 1920x1080, ko da janareto ko babu. Ya danna maɓallin Windows tare da na P ya zaɓi Extend, allon biyu suka zama fili ɗaya: lissafi a babba, saƙonnin dillalai a ƙarami. Wannan girafik ɗin da aka raina har allo uku yake iya ɗauka. Ga mai aikin ofis irina, ya ishe ni har da saura.

Amma ba zan ce komai ya yi daidai ba. Girafik na ciki ba shi da ma'ajiyarsa, daga RAM, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi ta kwamfuta, yake gutsura, ni kuma 4GB gare ni. In na buɗe bidiyo a gefe guda, Excel a ɗayan, sai laftof ta fara jan ƙafa, dole na ƙara RAM, kuɗin da ban shirya ba. Ga zafin Afrilu, fankarta ba ta hutawa sai na ɗaga bayanta a kan littafi. In wuta ta ɗauke kuwa, monita ta mutu, duk abin da na shimfiɗa sai ya tattaro ya cunkushe a ƙaramin allo, in sake jerawa.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da na je neman wayar DisplayPort, a shagon mutumin nan na same ta, rataye a bayan kujerarsa. Ya miƙo mini, ya karɓi kuɗinsa, bai ce uffan ba game da musanyar da ya so mu yi.