Murhun ƙarfe mai sauƙi: yana rage itace, amma a duba kafin a saya

Murhun da maƙeran Maradi ke ƙerawa da ƙarfen tano ya fi duwatsu uku tsimin itace nesa ba kusa ba, in dai an sayi daidai tukunya. Nan mutane ke yin asara. Kowane murhu da lambar tukunyarsa, don haka a tafi kasuwa da tukunyar a gwada. Ta zauna ciki har kusan wuya, tazarar da ke tsakaninta da bangon murhu kada ta wuce kaurin ɗan yatsa. In ta yi faɗi, zafi ya tsere ta gefe. In ta matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya turnuƙe madafa.

Icce biyu ko uku busassu, a faskara su sirara, sun isa. A kwashe toka kullum, don ita ke toshe hanyar iska, kuma in ta sha raɓa sai ta ci gindin murhun. Na ƙarfe maras kauri ba ya jure damina a waje.

Hayaƙi kam bai ƙare ba, a girka inda iska ke ratsawa, yara nesa, bangon yana ƙuna.

Abin ya wuce tsimin kuɗi. A 2022 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa muhalli mai tsabta haƙƙi ne na ɗan Adam. Matar da ke shaƙar hayaƙi safe da yamma tana cikin masu wannan haƙƙi, haka manomin da ya bar gawo a gonarsa don ya tare iska da rairayi, wanda ake sare masa saboda girki.