Sharhina kan Mortal Kombat 1 da rigimar canjin labari

Na kammala ɓangaren labari na gem ɗin faɗa Mortal Kombat 1 (sabon, ba na farkon 1992 ba) a PS5, na ɗora da ƙarin da suka sako daga baya wato Khaos Reigns, kuma gaskiya ra'ayina ya sha bamban da na yawancin waɗanda muke haɗuwa da su a gidan gem ɗin unguwarmu a Jekadafari. Su cewa suke an lalata wasan, an watsar da labarin da muka taso da shi. Ni kuma ina ganin canjin da aka yi wannan karon ya fi na baya gaskiya nesa ba kusa ba, duk da akwai wuraren da ni ma raina ya sosu. Wanda bai buga ba kuma baya son a tona masa labari ya dakata a nan, don zan faɗi komai har ƙarshe.

Wasan ya fito ranar 19 ga Satumba 2023, kamfanin NetherRealm na Chicago a Amurka ne ya yi shi ƙarƙashin Ed Boon, mutumin da tun 1992 yake kan wannan wasa, shi da John Tobias suka fara shi. Babu shi a PS4, sai PS5 da sabon Xbox da Switch da kwamfuta, kuma wannan shi ne tushen rabin gardamar da muke yi a nan Gombe, sabida yawancin gidajen gem da nake shiga daga Pantami har Tudun Wada PS4 ce har yanzu, Mortal Kombat 11 (MK11), wanda ya gabaci wannan, ake bugawa, to mutane da yawa guntu-guntun bidiyo suka gani a YouTube da TikTok, sun ga Scorpion yana kiran Sub-Zero ɗan uwansa shikenan suka yanke hukunci.

Ga yadda abun yake. A ƙarshen MK11 jarumin wasan Liu Kang ya kayar da Kronika mai riƙe da lokaci ya karɓi ikon lokacin, bayan ya zama abin da a tatsuniyar wasan suke kira allan wuta (tatsuniya ce dai ta masu gem, mu mun san babu abin bauta sai Allah), sai ya sake tsara duniya daga farko yadda yake ganin za a zauna lafiya. Raiden da muka sani da hular malafa da tsawa yanzu manomi ne a ƙauyen Fengjian shi da Kung Lao, laya Liu Kang ya ba shi kafin ya iya harba walƙiya. Shao, wato Shao Kahn na da, ba sarki ba ne, janar ne a ƙarƙashin sarauniya Sindel. Shang Tsung kuwa talaka ne mai yawo ƙauye-ƙauye yana sayar da maganin bogi har ana dukansa. Sai babban abun da ya tada ƙura, Scorpion ba Hanzo Hasashi ba ne, Kuai Liang ne, ƙanin Bi-Han, wanda a da shi ne Sub-Zero na biyu.

Yayana wanda shi ya fara riƙa min pad tun zamanin Sega, da muka zauna kan maganar sai ya ce min, "Kai yaro ne, Scorpion fa ba kaya mai ruwan ɗorawa ba ne kawai, mutum ne da aka kashe masa mata da ɗa ya dawo daga wuta ɗaukar fansa, in ka cire wannan me ya rage?" Na ce masa Yaya ai ban musa maka wannan ba, amma wane labarin ne kake cewa na asali? Don in za a bi diddigi labarin nan bai taɓa zama wuri ɗaya ba. A wasan farko abin da aka nuna shi ne Sub-Zero ya kashe Scorpion, shikenan. A MK2 na 1993 aka ce wancan Sub-Zero ɗin ya mutu, wannan ƙaninsa ne. Sai 1997 aka shigo da matsafi Quan Chi aka ce ai shi ne ya kashe iyalan Scorpion. Sai 2004 a Deception aka ce Noob Saibot, baƙar inuwar nan da ake ta nema a ɓoye tun MK2, ashe Bi-Han ne. Duk waɗannan daga baya aka liƙa su, amma yau su ne muke rantsuwa da su muna cewa asali. A 2011 ma ai an taɓa juya komai, lokacin da Raiden ya aika wa kansa na baya saƙo, aka sake buga labarin wasa na 1 zuwa na 3, har Kuai Liang ne aka mayar mutum-inji maimakon Smoke, ba a yi ihu kamar na yanzu ba.

To ni abin da nake bambantawa shi ne wannan. Akwai a ce maka an buɗe sabon shafi, abin da ya wuce ya faru kuma yana nan, yanzu ga wata duniyar. Akwai kuma a ce maka abin da ka gani da idonka bai taɓa faruwa haka ba. Kamar tatsuniyar Gizo ce da kaka ke yi mana, yau Gizo ya je gidan sarki gobe ya je bikin tsuntsaye, ba wanda zai ce ai jiya ba haka kika ce ba, amma in tana tsakiyar tatsuniya ɗaya ta ce dama can Ƙoƙi ba matarsa ba ce, duk yaran sai sun tashi. Na biyun nan shi ne aka yi wa Sindel a MK11, kuma har yau abun yana ci na. Tun MK3 na 1995 abin da muka sani shi ne Shao Kahn ya cinye ƙasarta Edenia ya kashe mijinta sarki Jerrod ya aure ta dole, ta gwammace mutuwa da zama da shi, wasan 2011 ya ƙara da cewa mutuwarta ce ta zama katangar da ta hana shi shigowa duniyar mutane, kuma duk ɓarnar da ta yi bayan an tashe ta ba a hayyacinta take ba, juyar mata da kai aka yi. Rana ɗaya a 2019, sannan a Aftermath, ƙarin labarin MK11 na 2020, aka ce ai ƙarya ne, ita ta kashe Jerrod da hannunta don son mulki, dama son Shao Kahn take yi. Haba! Wannan ba ƙari ba ne kan labari, rushe shi ne, kuma ya mayar da duk kukan da 'yarta Kitana ta yi wa uwar na banza.

Mortal Kombat 1 bai yi wannan ba. Liu Kang yana tune da duk abin da ya faru, Geras mai taya shi gadin lokaci ma haka, kuma kana ganin tsoron da ke fuskarsa duk lokacin da mutanen da ya yi ƙoƙarin raba su da sharri suka fara komawa hanyarsu ta da. Wannan shi ne daɗin labarin a wajena, wanda ya san tsohon labari yana kallo da ido biyu. Lokacin da na ga Kenshi, wanda makaho ne a tsohon labari, da idanunsa garau gabana ya fara faɗuwa don na san ba zai ƙare da su ba, sai kawai ban san ta ina za ta zo ba, ashe ta hannun Mileena ce. Sindel kuma an dawo mata da mutuncinta, uwa ce mai tsauri amma mai son 'ya'yanta da ƙasarta, mutuwarta ta taɓa ni sosai wallahi.

Mafi kyawun canji shi ne na Mileena da Baraka. A da Mileena abar ƙirƙira ce, Shang Tsung ya haɗa ta daga jinin Kitana da na ƙabilar Tarkata, muguwa ce kawai mai haƙora. Yanzu 'yar Sindel ce ta cikinta, ita ce magajiya, Tarkat kuma ba ƙabila ba ce, cuta ce da ke kama mutum ta canja masa halitta, masu ita ana korarsu bayan gari, Baraka kansa ɗan kasuwa ne mai mutunci kafin ta kama shi ta cinye iyalansa. Gidan sarauta na ɓoye ciwon 'yarsu alhali suna korar talakawa masu irinsa. Duk wanda ya ga yadda ake gudun mai wata lalura a cikinmu, ko yadda iyali ke rufe ciwo don gudun surutu, ba sai an yi masa bayani ba. Reptile ma da shekara da shekaru ɗan aike ne kawai da ake duka a wuce, yanzu yana da suna Syzoth yana da dalili, Shang Tsung ya riƙe masa iyali yana sa shi aiki alhali tuni ya kashe su.

Maganar Scorpion kuwa a nan ne nake ba Yaya rabin gaskiya. Rikicin 'yan uwan ya yi kyau, Bi-Han mai girman kai da ke ganin ƙungiyarsu ta Lin Kuei ta fi ƙarfin zama 'yan gadi, ranar da ya furta cewa yana gani ya bar mahaifinsu ya mutu, ya yanki fuskar ƙaninsa, na ajiye pad na yi shiru. Amma ɗaukar Harumi, matar Hanzo a tsohon labari, a ba Kuai Liang, a ba shi ƙabilar Shirai Ryu, a ba shi igiyar mashi da wuta, sannan a nuna Hanzo yaro ƙarami almajirinsa, wannan ya yi yawa. Mutum biyu aka rasa a lokaci ɗaya. Wanda ya buga MKX na 2015 zai tuna zaman shayin da Kuai Liang ya yi da Hanzo ya nuna masa hujjar cewa Quan Chi ne ya haɗa su faɗa, suka yafe wa juna bayan gaba mai tsawo, wannan abota da aka sha wuya kafin a gina ta babu gurbinta a sabuwar duniyar.

Inda na fi jin haushi shi ne ƙarshen. Babi 15 ne labarin, na farkon suna tafiya a natse, siyasar fada, gasa, cin amana, sai can aka ce ai wanda ke zuga Shang Tsung wani Shang Tsung ɗin ne daga wata duniyar, wanda ya ci nasara a ɗaya daga cikin ƙarshe biyun da Aftermath ke da su, wato duka ƙarshen biyu sun faru. Daga nan ƙofa ta buɗe, duniyoyi ba adadi, kowa yana da kwafi, a babin ƙarshe ka zaɓi wanda kake so ka hau dala irin ta Armageddon na 2006 kana dukan haɗe-haɗen mutane, wannan rabinsa wane rabinsa wane. Yana da daɗin bugawa ban ƙi ba. Amma in kowa yana da kwafi dubu to mutuwar Sindel da ta taɓa ni ɗazu meye nauyinta? Kuma wannan ƙofar ita ce za ta ba marubuta damar duk lokacin da suka rikice su ce ai wata duniyar ce. Khaos Reigns na Satumba 2024 a kan wannan hanyar ya tafi da Havik, gajere ne kuma bai kai na farko ba, abin da na ɗauka a ciki kawai shi ne yadda Bi-Han ya sake zama Noob Saibot. Cyrax da Sektor sun zama mata masu sulke, an yi ta surutu a kai, ni bai dame ni ba tunda an riga an ce sabuwar duniya ce.

Bugun kansa kuwa lafiya lau. Tsarin Kameo, wato ka zaɓi mataimaki ka kira shi da R1 ya shigo ya taya ka, da farko yana rikita hannu amma in ka saba kwambo yana tsawo, musamman na sama, kuma ya fi MK11 sakewa. Hoton ya yi kyau ƙwarai, launi ya fito ba duhun nan na da ba. Invasions, wani ɓangaren bugu daban da na labari, ya gundure ni da wuri, maimaici ne. Abdet ɗinsa manya ne suna cin data ba kaɗan ba, ga wutar da ba ta zama, in za ka sauke ka nemi inda ake da sola ko janareta da intanet mai ƙarfi. Fataliti, wato kisan da ake rufe faɗa da shi, kuma sun fi na da muni, na manya ne zalla, don Allah masu gidajen gem a daina barin yara 'yan firamare suna tsayawa a bayan kujera suna kallo.

In kana da PS5 ka nemi faifan hannu na biyu ko ka jira ragi, Khaos Reigns kuma kada ka saya shi kaɗai da tsada, akwai bugun da ya haɗa komai da ya fito a 2025. Wanda bai taɓa buga na baya ba ya fara kallon labarin wasan 2011 da MK11 da Aftermath tukuna, in ba haka ba rabin abin da Liu Kang ke tsoro ba zai gane shi ba.