Tsohuwar Marsandi W123: Gane Samfuri da Zaɓen Siffar Jiki Kafin Saye

Duk wanda ya yi niyyar sayen tsohuwar marsandi ƙirar Jamus, musamman samfurin W123 da kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera daga 1976 zuwa farkon 1986, ya kamata ya san cewa rubutun da ke jikin but ba hujja ba ne, domin abu ne da ake ɓamɓarewa a liƙa wani. Fitilun gaba sun fi shi gaskiya: na magabaciyarta, W114 da W115, a tsaye suke, na W123 kuwa a kwance. Amma abin dogaro shi ne lambar shasi da ke ƙarƙashin bonet. Idan tana ɗauke da 123.223, motar 230E ce mai ƙofa huɗu, 123.243 na nufin 230CE, 123.283 kuma 230TE. Harafin E yana nuna injin fetur marar kafireto, D na dizal ne, yayin da C (mai ƙofa biyu) da T (wagon) ke bayyana siffar jiki.

Mai ƙofa huɗu, wato salun, ita ce mafi yawa cikin kimanin miliyan 2.7 da aka ƙera, kuma ita bakanikenmu suka fi sani, tun da ta daɗe tana yawo a titunan Nijeriya kafin zuwan W124 da ake kira V-boot. Wanda yake son motar hawa ta yau da kullum, a ganina, ita ce tasa, saboda gilashi, ƙofa da fitila ba sa wahalar samu.

Mai ƙofa biyu, wadda Turawa ke kira kufe, ta fito a 1977, kuma tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta gaza ta salun da santimita 8.5. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: a sauke gilasan gefe gaba ɗaya, za a ga babu ƙarfen da ya raba tagar gaba da ta baya. Wannan kyan nata shi ne kuma tsadarta, domin ba a ƙera ta kai 100,000 ba, kuma gilasanta da robobin tagoginta ba sa shiga na salun, don haka gilashi ɗaya da ya fashe kan iya ajiye mota wata da watanni.

Wagon, mai harafin T, an fara ƙera ta a 1978 a birnin Bremen, kuma ta dace da mai iyali ko mai ɗaukar kaya. Sai dai bayanta yana da na'urar mai da ke daidaita tsayin mota idan an yi lodi, kuma gyaranta ba na kowane bakanike ba ne. A tayar da inji a tsaya a gefe. Idan bayan ya ci gaba da zama a ƙasa, to a rage kuɗin gyara daga farashi. Akwai kuma doguwar salun mai layin kujeru uku, wadda samunta sai an tona.

Ko wacce aka zaɓa, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a leƙa ƙarƙashin batir da ramukan da ake sa jak, domin tsatsa a nan take fara ci, kuma sabon fenti ba ya kaiwa can.