Sharhi kan aikin masu wanke dandamalin katako a Jidda

Akwai wasu matasa 'yan uwanmu Hausawa a Jidda da suka ɗauki wanke dandamalin katako na tsakar gida da na istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya, a matsayin sana'a, kuma aikin da suka yi a istirahar da iyalinmu ke haya a wajen Abhur, yankin bakin teku a arewacin Jidda, ya isa a ba da shaida a kansa. Dandamalin ya yi danƙon da takalmi ke maƙalewa a kai, ƙura kuma ta bi ta lulluɓe shi har ya koma baƙi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su zuba komai ba sai da suka tantance irin danƙon, domin a ganinsu iri biyu ne a wurin, kowanne da maganinsa. Na ƙarƙashin bishiyar darbejiya darɓa ce, wato ruwan zaƙin da ƙwari masu tsotson ganye ke zubarwa, irin wadda manoman dawa suka sani a gida, kuma laimar da ke tasowa daga Bahar Maliya ce ke sa baƙar funfuna ta yi saurin tsirowa a kanta. Tun da asalinta sukari ne, ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da buroshi mai taushi suka wadatar. Na ɓangaren ƙofa kuwa ragowar gam ne na ciyawar roba da aka taɓa mannawa, wanda ruwa ba ya yi masa komai. Shi suka kankare da makankarin roba suna bin tsawon katakon, sannan suka shafa mai narkar da gam da ake yi da man ɓawon lemu, bayan sun gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa.

Sun zaɓi fara aiki bayan sallar asuba, kuma dalilinsu karɓaɓɓe ne, domin a bazarar Jidda, inda zafi kan kai digiri 40, maganin yakan bushe a kan katako mai zafi tun kafin ya ratsa gam ɗin. Haka kuma sun ƙi amfani da bilic duk da cewa mai gadin wurin ya nace, saboda yana cin sinadarin da ke riƙe zaren katako, ya bar shi fari fat yana tashin gashi. Injin feshin ruwan ma sun rage masa ƙarfi, suka yi ɗauraya kawai da shi. Bayan awa 48 da katakon ya bushe suka dawo suka shafa man katako siriri, suka goge rarar nan take, tun da man da aka lafta da yawa shi kansa yakan zama sabon danƙo. Tsummokaran da suka sha mai a bokitin ruwa suka jiƙa su, domin idan aka tara su a dunƙule suna iya kama wuta da kansu, abin da mutane da yawa ba su sani ba.

Sai dai aikin bai rasa aibi ba. Ba su rufe shuke-shuken da ke gefe ba, har ruwan wankin ya ƙona ganyen na'ana'a, kuma inda ciyawar roba ta zauna ya fita da launi dabam, abin da ya kamata su faɗa tun kafin a yi ciniki. Kuɗinsu ya fi na masu wankin gida na yau da kullum, amma ga wanda katakonsa mai tsada ne farashin bai yi yawa ba. Wanda ke da bishiya a saman dandamalinsa kuwa ya nemi mai feshin ƙwari tukuna, domin su ba sa wannan aikin, kuma darɓar za ta dawo muddin ƙwarin na nan.